Yadda ake tsufar da 'yar motar ado ta fito kamar ta sha hanyar Illela

Tifar farko da na yi wa wannan aiki, na luluɓe ta da tsatsa tun daga bamba har ƙarshen bodi, don haka na ga Turawa suna yi a bidiyo. Na ɗauke ta ina taƙama na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana jigila tsakanin Sakkwato da Legas. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ce, "Ɗana, wagga mota cikin gulbi ta kwana?" Na ce, "A'a Baba, tsufa ne na yi mata." Ya miƙo mini ita ya ce, "Motarmu rana ka cin ta, ba ruwa ba. Tahi Kara ka duba." Kasuwar Kara ta Sakkwato yake nufi.

Gaskiya ya faɗa. Masu koyar da wannan sana'a a intanet yawancinsu suna ƙasashen ruwa da dusar ƙanƙara, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin sanyi, ƙarfe ya yi ta ruɓewa. Mu kuwa damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran shekara rana ce da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sai hazon hunturu. Motar Sakkwato koɗewa take yi, ƙura ta shiga kowane lungu nata, tsatsa kuwa tana da wuraren zamanta 'yan kaɗan. Dabarun Turawan suna da kyau, su zan koya maka, amma yawan kowanne da inda za ka sa shi, motar gaske ce za ta gaya maka.

Mataki na farko: je ka kalli mota

Kafin ka taɓa buroshi, yanke shawara wace irin rayuwa motarka ta yi. Tifar da ke ɗibar yashi a bakin gulbin Rima ƙurarta fara-fara ce mai ɗan ruwan ƙasa, cikin bodinta kuma yashi ya goge fenti har ƙarfe yana sheƙi. Tirelar da ke lodin siminti a Kalambaina toka-toka take, har tayoyinta. Akori-kurar da ke shiga ƙauyuka ta hanyar burji ja take daga ƙugu zuwa ƙasa. In ka haɗa ukun a mota ɗaya, duk wanda ya san hanya zai yi maka dariya.

Je Kara ko wata tasha, ka nemi izinin direba ko yaron mota, ka ɗauki hoto. Kada ka tsaya a hoton gefe. Ɗauki rufin kai in kana iya hawa, ɗauki matakalar shiga, bakin tankin gas, bayan tayoyi, salansa, marikin ƙofa. Waɗannan hotuna su za ka jingine gabanka har ka gama.

Sai ka riƙe lissafin sikeli a ka. Mota mai 1:24 an rage ta sau 24: Peugeot 504, Fijon da aka yi ta haɗawa a Kaduna, tsawonta kusan mita huɗu da rabi, a wannan sikeli ba ta kai santimita 19 ba. Ma'ana, ɗigon fenti mai faɗin milimita 1 a jikinta daidai yake da tabo mai kusan santimita biyu da rabi a motar gaske. A 1:50, sikelin da aka fi yin tifofi da katafila, ya zama santimita 5. A ƙananan motocin wasa na Hot Wheels da Matchbox masu kusan 1:64 ya wuce santimita 6. Kusan duk kuskuren mai koyo daga nan yake fitowa: hannu ya yi nauyi.

Kayan aiki

Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Vallejo da AK Interactive na Sifen suna sayar da kwalabe na musamman don ƙura da tsatsa da laka. Suna da kyau, amma kafin su iso nan kuɗin aike ya ninka kuɗin kaya. Abin da ke kan teburina: fentin akirilik na masu zane, wanda ruwa ke tsarma shi, ƙananan bututu huɗu na fentin mai, wato baƙi, fari, ruwan ƙasa mai duhu da ja-ja mai launin bulo, wayit sifirit don tsarma fentin man, banish na feshi iri biyu, mai sheƙi da marar sheƙi, buroshi siriri ɗaya, mai faɗi ɗaya, da wani tsoho da ya riga ya baje, guntun soson katifa, tsinken sakace, audugar goge kunne, fensir mai laushi, 4B ko 6B, samfefa mai lamba 800 ko 1000, salatif na takarda, farin gam na kafintoci.

Gargaɗi ɗaya da na saya da tsada: kada tinar masu fentin mota ta kusanci motar roba. Wata rana wayit sifirit ɗina ya ƙare, na karɓo tina a wani gareji, na shafa wa kan wata mota da na kwashe mako biyu ina haɗawa. Kafin in ajiye buroshin roba ta yi laushi, ƙofa ta narke ta zama kamar cingam. Haka fetur. Kananzir yana tsarma fentin mai, amma yana barin maiƙo kuma ya daɗe bai bushe ba. Na lalura ne kawai. Banish ɗin kafintoci ma ka bar shi ga kujera, yana da kauri kuma yana komawa rawaya.

Mataki na biyu: shirya jiki

Wanke motar da ruwa da ɗan sabulu, ka bari ta bushe. Maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Idan ta ƙarfe ce, irin waɗanda ake tsinta a gwanjo, fentin kamfani yana da santsi ƙwarai, sai ka bi shi da samfefa a jiƙe, a hankali, har sheƙin ya mutu. In tana da sukurori a ƙasa, kwance ta ka ware gilashi da tayoyi. In da ribit aka kama ta kuma ba ka son hudawa, rufe gilasan da salatif, ka yanke gefensa da sabuwar reza.

Zaɓi lokaci. Da rana tsaka a bazara, akirilik yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin mota. Ni bayan asuba nake fenti, ko da dare. A hunturu kuma, da ka fesa banish ka kife roba mai tsabta a kan motar, in ba haka ba hazo zai yi maka nasa adon da ba ka roƙa ba. A watan Agusta, ranar da iska ta cika da laima, kada ka fesa banish marar sheƙi, yana iya yin fari-fari kamar an barbaɗa gari. Feshi kuma a tsakar gida ake yi, da takunkumi, nesa da wuta da yara.

Mataki na uku: koɗewar rana

Nan ne zuciyar aikin ga motar ƙasarmu, kuma nan aka fi yin sakaci. Duba tsohuwar mota ja a tasha: rufi da bonet sun koma fari-fari kamar an shafa alli, gefen ƙofa ya fi su launi, ƙarƙashin madubi da lungun da inuwa ke rufewa kuwa har yanzu jan yana nan da ƙarfinsa. Rana daga sama take duka, don haka koɗewa daga sama take sauka.

Ɗebi launin motar a akirilik, ka ƙara masa ɗan fari da ɗigon ruwan ƙasa mai haske. Kada ka sa fari zalla, musamman a ja, zai ba ka ruwan hoda irin na kayan jarirai. Tsarma shi sosai, ya zama kamar ruwan shayi mai madara kaɗan, ka shafa a tsakiyar rufi da tsakiyar bonet, ka bar gefe-gefe. Shafa ɗaya ba za ka ga komai ba, kuma haka ake so. Bari ya bushe, ka sake, sau uku ko huɗu, kowane karo kana rage faɗin wurin. Ƙofa ɗaya ko madigadi ɗaya ka bar shi da launi daban ɗan kaɗan, kamar fanabita ya canza shi bayan wani karo. Da wuya ka ga tsohuwar motar haya da duk jikinta launi ɗaya ne.

In za ka yi rubutu a goshin mota ko a bayan bodi, irin "Allah Ya kiyaye" ko "Sai haƙuri", yanzu ne lokacinsa, don shi ma ya sha ƙura tare da sauran jiki. Sabon rubutu a kan tsohuwar mota yana tona asiri.

Mataki na huɗu: ɓarewar fenti

Yagi ɗan soso kamar ƙwayar gyaɗa, ka kama shi da hantsaki ko ka soke shi a tsinke. Tsoma shi a ruwan ƙasa mai duhu sosai, ka yi ta dangwala shi a takarda har ya kusa daina fitar da komai. Sannan ka taɓa motar da shi, taɓawa kawai, a inda hannu da ƙafa da kaya ke gogar ta: matakala, bakin ƙofa, gefen bamba, saman bangon bodi inda shebur ke bugu, kewayen ƙugiyoyin igiya. Juya soson kowane taɓi don kada tabon ya riƙa maimaita siffa ɗaya.

In kana son tabon ya yi zurfi, yi shi hawa biyu. Fara ɗiga launin motar mai haske, sannan da siririn buroshi ka sa duhun a tsakiyarsa, ka bar hasken ya zagaye shi kamar bakin fentin da ya ɗago. Ƙarci kuma, irin na ƙaya da reshe a hanyar daji, da tsinken sakace ake jan sa, a kwance, daga gaba zuwa baya.

Akwai dabarar gishiri da ta feshin gashi ga masu fesa fenti. A ta gishiri, kana yin launin tsatsa a ƙasa, ka jiƙa wurin, ka barbaɗa gishiri, in ya bushe ka fesa launin mota a kai, daga baya ka kakkaɓe gishirin. A ta feshin gashi, shi kake fesawa tsakanin launukan biyu, sannan ka jiƙa na saman ka kankare da buroshi mai tauri. Dukansu suna fitar da fenti mai ɓarewa da yawa. Ni ina ajiye su don gawar mota da aka yasar a bayan gareji, ba mai kan hanya ba.

Idan ka gama, fesa banish mai sheƙi siriri, ka bar ta ta kwana. Wannan shi ne katangar da za ta kare aikinka daga abin da ke tafe.

Mataki na biyar: duhun lunguna

Matsa fentin mai kaɗan a kan guntun kwali ka bar shi awa ɗaya ko biyu. Kwalin zai tsotse man da ya yi yawa, fentin ya fi saurin bushewa kuma ba ya ƙyalli. Haɗa ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon baƙi, ka tsarma da wayit sifirit, kamar kashi ɗaya cikin goma. Ɗauko da siririn buroshi ka taɓa layin ƙofa. Za ka ga ruwan ya gudu da kansa ya bi layin. Don haka aka sa banish mai sheƙi: a kan jiki marar sheƙi ruwan bajewa yake ya bar tabo. Bi layin bonet, ramukan gaban injin, kewayen notuna da ribit, tsakanin ganyen sipirin.

Bayan minti goma zuwa sha biyar, jiƙa auduga da wayit sifirit, ka matse ta har ta kusa bushewa, ka goge abin da ya fita waje. Daɗin fentin mai ke nan, yana ba ka lokacin gyara.

Ga wani abu da ba za ka ji a bidiyo ba. A motar da ke da duhun launi, baƙa ko shuɗiya ko koriya, lungunanta a nan ba duhu suke yi ba, haske suke yi, don ƙura ce ta cika su. Saboda haka sai ka juya dabarar: yi ruwan da launin ƙura, fari da ruwan ƙasa, ka zuba a layukan. Ranar da na fara yin haka ne motata ta fara kama da ta garinmu.

Zirin datti ma da fentin mai ake yi. Ɗiga ƙananan ɗigo a saman ƙofa ko ƙarƙashin taga, ka ja su ƙasa da buroshi mai faɗi da ɗan danshin sifirit, har su kusa ɓacewa. Wannan sawun ruwan farko ne da ya sauka kan ƙura. Kaɗan ya isa. Ka ba fentin mai kwana biyu ya bushe, sannan ka fesa banish marar sheƙi.

Mataki na shida: tsatsa, mai da hayaƙi

Tsatsa tana zama a salansa, a gindin batir inda ruwansa ke zuba, a layin walda, a hinjin ƙofar bodi, da duk inda fenti ya daɗe da ɓarewa. Tsohuwar tsatsa duhu ce, kusan baƙa. Sabuwa ce mai ruwan lemo. Fara da duhun, ka ɗiga mai hasken a 'yan wurare. Ga salansa, ina kankaro tsatsar gaske daga tsohon langa-langa, in niƙa ta da bayan cokali har ta yi laushi kamar kwalli, in barbaɗa a kan fenti tun yana ɗanye. Babu kwalbar da ta fi ta.

Bakin tankin gas yana da jiƙaƙƙen tabo da ƙura ta manne a kai. Haɗa baƙi da ruwan ƙasa da ɗigon banish mai sheƙi, ka ja ziri ɗaya ko biyu daga murfi zuwa ƙasa. Haka a cibiyar taya inda giris ke tsattsafowa. Hayaƙin salansa kuma garin gawayi ne, a shafa da busasshen buroshi.

Sai fensir. Goga bakinsa a gefen matakala, a marikin ƙofa, a kan sarƙa, ka murza da yatsa. Zai ba ka sheƙin ƙarfen da hannu ya goge. Cikin bodin tifa, kankare fensirin ya zama gari, ka murza shi a tsakiyar daɓen, ta inda yashi ke zamewa in an ɗaga.

Mataki na bakwai: ƙura

A nan mun fi kowa arziki. Ɗebo ƙasa daga irin wurin da motarka ke aiki: jar ƙasar burji, ko lallausar ƙasar bakin gulbi, ko toka mai sanyi a madadin ƙurar siminti. Soya ta a tsohon gwangwani ta bushe ƙarau, ka daka, ka tankaɗe. Rariyar gari ba ta isa ba, kuma in uwargida ta kama ka da tata, ba ruwana. Ɗaura tsohon ɗankwali mai laushi ko safa a bakin kofi, ka tace ta nan. Tuna lissafin: ƙwayar yashi mai rabin milimita a 1:50 tsakuwa ce mai santimita biyu da rabi. Abin da kake nema shi ne wanda in ka murza a yatsu ba ka jin komai. Allin zane mai launi da aka goga a samfefa shi ma yana yi, kuma ya fi kama jiki.

Ƙura iri biyu ce a mota. Akwai wadda taya ke watsowa daga ƙasa: ta fi kauri a cikin madigadi, a shasi, a bayan kowace taya, tana raguwa in ana hawa sama. Bayan mota ya fi gabanta ƙura, don iska nan take juyawa ta ajiye ta. Shi ya sa yara ke samun wurin rubutu a gilashin baya. Akwai kuma wadda ke sauka daga sama ta kwanta a rufi, a gindin gilashin gaba, a kan bamba da cikin ninkin tamfol.

Ɗebi garin da busasshen buroshi ka dangwala a wuraren nan, ka hure abin da ya yi yawa. Don ya zauna, taɓa gefen wurin da buroshi mai ɗigon wayit sifirit, ka bar ruwan ya ratsa da kansa, kada ka shafa. Zai yi duhu har ranka ya ɓaci. Bari ya bushe, launinsa zai dawo. A taya, kwaɓa garin da ruwa ka shafe ta duka, in ta bushe ka goge saman da yatsa, ƙurar ta rage a cikin zanen taya kawai. Tayar da ke birgima a kwalta samanta baƙi-baƙi ne, gefenta ne ke yin fari.

In motar damina kake so, wadda ta fito daga fadama, kwaɓa garin da farin gam da ɗan ruwa ya zama laka. Ɗebo a tsohon buroshi, ka riƙe shi kusa da madigadi, ka ja gashinsa da tsinke ya fantsama. Gwada a kwali tukuna. Busasshiyar laka mai haske a sama, ɗanya mai duhu a ƙasa.

Kada ka sake fesa banish mai yawa bayan ƙura. Yana haɗiye ta, aikin awa biyu ya ɓace a feshi ɗaya. In dole ne, daga nesa, sau ɗaya.

Gilashi

Cire salatif ɗin da ka rufe gilashi da shi, in kuma ware gilashin ka yi, mayar da shi. Yanki wani sabo a siffar rabin da'irar da waifa ke sharewa, ka manna a gilashin gaba, ka shafa ƙura siririya ko ka fesa banish marar sheƙi kaɗan a sauran wurin, sannan ka ɗaye. Wurin da waifa ta bi zai fito tas, gefe ya yi dishi-dishi. A tagar direba ka goge ƙurar da auduga. Ta yaron mota ka bar ta yadda take.

Daga nan ka riƙa ɗaukar motar ta gindi, ko ka kafa ta a kan ɗan katako da aka shafa wa gam aka barbaɗa irin ƙasar da ke jikinta. Ajiye ta a akwatin gilashi ko roba mai murfi, nesa da taga. Kada ka ɗora ta a gaban motarka ta hawa don ado: rufaffiyar mota a ranar Afrilu tana lanƙwasa roba kafin la'asar.